Wata 87 a Gidan Yarin Tarayya: Ƙofofin da Suka Rage wa Ɗaurarre a Amurka

Bayan la'asar ne wata Hajiya a layinmu ta aiko jikanta ya kira ni. Na same ta a tsakar gida kan darduma, carbi a hannu, waya a gefe. Ɗanta na uku, wanda ya tafi Amurka karatu ya zarce da zama, wata kotun tarayya ta ɗaure shi wata 87 kan zambar kuɗi ta intanet. An gaya mata na taɓa zama a can, har na yi aikin tafinta a kotuna. Muka gaisa, na yi mata jaje, sai ta ce, "Ɗan nan, kai ka san ƙasar. Wa za mu gani?"

Na ce, "Hajiya, yau kwana nawa da yanke hukuncin?" Ta dubi ƙanwarsa, ita kuma ta duba waya. Kwana 23.

Ban ga laifin tambayarta ba, don haka muka saba: in abu ya ɗaure, a nemi mai faɗa a ji. Sai dai a shari'ar tarayya ta Amurka, da zarar alƙali ya furta hukunci, kalanda ce ke mulki. Akwai ƙofofi da dama da suka rage wa wanda aka ɗaure, amma kusan kowace da ranar rufewarta, kuma wasu an riga an sa musu sakata tun ranar da ya sa hannu a wata takarda a ofishin lauyansa. In kuma ba ɗan ƙasa ba ne, wasu ƙofofin sai dai ya leƙa.

Kalmar "tarayya" ɗin nan tana da nauyi. Kowace jiha cikin jihohi 50 na Amurka da kotunanta da gidajen yarinta da dokokinta. Gwamnatin tarayya kuma da nata daban, kotuna 94 na matakin farko, kuma su ke sauraron laifukan da suka tsallake iyakar jiha ko ta ƙasa: zamba ta waya da intanet, safarar ƙwaya, halasta kuɗin haram, ta'addanci, laifukan shige da fice. Shi ya sa yawancin shari'un 'yan Najeriya da muke ji a labarai can suke faɗawa. Ramon Abbas, wato Hushpuppi, kotun tarayya a Los Angeles ce ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022. Obinwanne Okeke, da aka fi sani da Invictus Obi, kotun tarayya da ke jihar Virginia ce ta ba shi shekara 10 a Fabrairun 2021. Wanda ya shiga wannan layin, gwamnan jihar da yake tsare ba shi da ta cewa a kansa, ko da kuwa gidan yarin na bayan gidansa.

Kwana 14 ake ba mutum ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka rubuta hukuncin a rajistar kotu. Takarda ce 'yar ƙarama, sau da yawa ba ta cika shafi ɗaya ba, ba ma sai an faɗi dalili a cikinta ba. In an makara, alƙali na iya ƙara wa'adin da bai wuce kwana 30 ba, matuƙar an kawo uzuri mai kama hankali. Ta wannan tagar ɗan Hajiya ya samu ya shige da ƙyar. Da ta ƙara mako uku da 'yan kwanaki tana neman wanda za ta gani, shi ke nan.

To amma me ɗaukaka ƙarar ke yi? A nan mutanenmu ke yawan ruɗewa, suna ɗauka sabuwar shari'a za a yi, a kira shaidu, shi ma ya tashi ya kare kansa. Ba haka ba ne. Alƙalai uku ne za su zauna da rubutaccen bayanin abin da ya gudana a kotun farko, su duba ko alƙalin ya yi kuskuren doka. Ba sa karɓar sabuwar shaida. In lauyan bai tashi ya ƙi amincewa da abin ba a lokacin da ake yin sa, sai kuskuren ya zama ƙuru-ƙuru kafin su taɓa shi. In kuma sun yarda an yi kuskure amma suka ga ko da ba a yi ba sakamakon ɗaya ne, sai su bar hukuncin yadda yake. A mafi yawan shekaru, waɗanda ake soke wa hukunci ba su kai ɗaya cikin goma ba. Daga nan sai Kotun Ƙoli, wadda ake da kwana 90 a roƙe ta, ita kuwa cikin dubban roƙon da ke zuwa mata a shekara ba ta sauraron ko da ɗari.

Babbar matsalar ma tana gaba da wannan. Kusan 97 cikin 100 na waɗanda ake yanke wa hukunci a kotunan tarayya amsa laifi suka yi, ba a kai ga baje shaidu ba. Ciniki ne: mai gabatar da ƙara ya janye wasu tuhume-tuhume ko ya nemi sassauci, shi kuma wanda ake tuhuma ya ce na yi. A cikin takardar yarjejeniyar, galibi can wajen ƙarshe, akwai sakin layin da ke cewa ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara, wani lokacin har da na ƙalubalantar hukuncin daga baya. Na sha fassara wannan sakin layin ga mutanen da hankalinsu ke kan adadin watanni kawai. Alƙali zai tambaya, ka fahimci kana sallama wannan haƙƙin? Mutum ya ce na fahimta, alhali so yake a gama ya zauna. Wannan "na fahimta" ɗin tana nan a rubuce, kuma ita za a fara karanto masa duk ranar da ya dawo yana kuka.

Ko babu irin wannan sakin layin, amsa laifi kanta tana binne abubuwa da yawa. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamban 2009, ya amsa dukkan tuhume-tuhumen a rana ta biyu ta shari'arsa, a Oktoban 2011, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai a Fabrairun 2012. Da aka ɗaukaka ƙara, cikin abubuwan da aka kawo har da bayanan da ya yi wa jami'ai yana kwance a asibiti ba tare da an karanta masa haƙƙoƙinsa ba. A Janairun 2014 kotun ɗaukaka ƙara da ke Cincinnati ta ce tunda ya amsa laifi ba tare da gindaya sharaɗi ba, wannan maganar ta wuce.

Duk da haka, in ɗaurarre ya ce wa lauyansa ya shigar da sanarwar, dole ya shigar, ko da an sa hannu a kan yafewa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2019 a shari'ar Garza. Kuma wanda ba shi da hali kotu za ta ba shi lauya kyauta har matakin ɗaukaka ƙara. Kada a raina waɗannan lauyoyin don ba a biya su daga aljihu ba. Na ga masu kare marasa hali na tarayya da suka fi lauyoyin da aka sayar da fili a Kano aka ɗauka sanin makamar aiki, domin su kullum a wannan kotun suke kwana suke tashi.

Harsashi ɗaya

Idan ɗaukaka ƙara ta ƙare ko ba a yi ba, saura abin da kowa a gidan yarin tarayya ke kira da lambarsa kawai, 2255. Sashe ne na dokar tarayya da ke ba fursuna damar komawa gaban kotun da ta ɗaure shi ya ce hukuncin ya saɓa wa tsarin mulki. A nan ne ake iya kawo abin da ba ya cikin rubutaccen bayanin kotu, kuma mafi yawan abin da ake kawowa shi ne sakacin lauya: bai binciki shaidar da aka nuna masa ba, bai isar da tayin sassaucin da gwamnati ta yi ba, ya ba da shawarar da ba daidai ba. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Strickland a 1984 hawa biyu ne. Sai ka nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga kowane lauya mai hankali, sannan ka nuna da ba don gazawar ba da alama sakamakon zai canza. Hawa na biyun ne ke kayar da yawancin mutane.

Ga baƙo, akwai labarin da ya kamata ya sani. Jae Lee ya zo Amurka daga Koriya ta Kudu yana ɗan shekara 13, ya girma a can, ya buɗe gidajen abinci a yankin Memphis, amma bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasa ba. Aka kama shi da ƙwaya. Ya yi ta tambayar lauyansa ko za a kore shi in ya amsa laifi, lauyan ya ce ba za a kore shi ba. Ya amsa, aka ba shi shekara ɗaya da kwana ɗaya, sai daga baya ya gano laifin na cikin waɗanda kora ta zama tilas a kansu. Ya shigar da 2255. Gwamnati ta ce ai ko an yi shari'ar kaye zai sha, don shaidu sun yi masa yawa, to mece ce asararsa? A 2017 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya: mutumin da duk rayuwarsa ke ƙasar yana iya zaɓar ya gwada sa'arsa a shari'a, komai ƙanƙantar damar, a kan ya sa hannu a takardar da tabbas za ta raba shi da gida. Tun 2010, a shari'ar Padilla, kotun ta riga ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo haɗarin kora kafin ya amsa laifi.

Sharuɗɗan 2255 ɗin ne masu tsauri. Wata doka ta 1996 ta ƙayyade shekara ɗaya tak, ana ƙirgawa daga ranar da hukunci ya zama na ƙarshe. Wanda bai ɗaukaka ƙara ba, agogonsa ya fara ne daga cikar kwana 14 ɗin nan, lokacin da ma wataƙila ana ta yawo da shi daga wannan gidan tsaro zuwa wancan, takardunsa a wani akwatin da bai san inda yake ba. A wannan matakin babu haƙƙin lauyan kyauta, sai in alƙali ya ga dama ko ya kira zaman sauraron shaida. Sannan kusan sau ɗaya ake yi. Mai son shigar da na biyu sai ya nemi izinin kotun ɗaukaka ƙara, ita kuma ba ta bayarwa sai da sabuwar shaida mai ƙarfi ta rashin laifi, ko sabuwar ƙa'idar tsarin mulki da Kotun Ƙoli ta ce ta shafi tsofaffin shari'u. A 2023, a shari'ar Jones da Hendrix, an toshe wata 'yar ɓarauniyar hanya da fursunoni ke bi su zagaye wannan shingen.

Shi ya sa nake jin tsoron lauyoyin cikin kurkuku, wato fursunonin da suka daɗe suka haddace dokoki a kwamfutar laburare, suna rubuta wa 'yan'uwansu ƙara a biya su da gwangwanin kifi ko kan sarki. Doka ba ta hana fursuna taimakon fursuna ba, kuma akwai gwanaye na gaske cikinsu. Amma akwai masu kwafe takarda ɗaya su sauya suna, su ƙone wa mutum harsashinsa ɗaya tilo a kan hujjar da kotu ta yi watsi da ita sau ɗari. Abu ɗaya mai sauƙi da ke taimakon fursuna a nan: ranar da ya miƙa takardarsa ga ma'aikatan gidan yari don a aika, ita ce ranar da doka ta ɗauka ya shigar, ba ranar da ta isa kotu ba. Ya riƙe shaidar ranar kamar ransa.

Akwai ƙananan ƙofofi biyu da zan ambata in wuce. Sabuwar shaidar da ta ɓullo bayan shari'a tana iya sa a nemi sake shari'a cikin shekara uku. Wanda kuma ya taimaka wa gwamnati ta kama wasu bayan an ɗaure shi ana iya rage masa, sai dai mai gabatar da ƙara ne kaɗai ke da ikon nema masa, galibi cikin shekara ta farko, kuma kowa ya san abin da sunan mai kai rahoto ke jawowa a cikin kurkuku.

Lissafin kwanaki

Gaskiyar da na gaya wa Hajiya, wadda ba ta ji daɗinta ba, ita ce yawancin watannin da ake ragewa ba a kotu ake rage su ba. A cikin gidan yarin ake tara su kaɗan-kaɗan.

Tsarin tarayya ba shi da kwamitin da ke duba fursuna ya sake shi a tsakiyar wa'adi. Dokar 1984 ta soke shi ga laifukan da aka yi daga 1 ga Nuwamban 1987. Abin da ya rage shi ne ladan ɗa'a: kwana 54 a kowace shekara ta hukuncin, wato mutum zai yi kusan kashi 85 cikin 100. A wata 87, ragin ya kama kusan wata 13. A na Hushpuppi, kusan wata 20. Wannan ladan sai hukuncin ya haura shekara ɗaya ake samunsa, shi ya sa za ka ji lauya na roƙon alƙali ya ba wanda yake karewa shekara ɗaya da kwana ɗaya maimakon shekara ɗaya cif. Ƙarin kwana ɗayan ne ke fitar da shi kusan wata biyu da wuri.

Kuma ana ƙwace ladan. Waya a ɓoye tana cikin manyan laifukan gidan, tana iya cinye kwana 41 a zama ɗaya, ban da cewa ita kanta laifi ce da za a iya gurfanar da mutum a kai. Wani abin ma daga gida yake zuwa ba da gangan ba. Kira zai shigo, muryar na'ura ta sanar cewa daga gidan yarin tarayya ne, a danna lamba a karɓa. Minti 15 ne, sai ya yanke. Murna ta sa ƙanwa ta ce bari in haɗa ka da Baba yana kasuwa, ta danna ta haɗa layi uku. Wannan haɗawar haramun ce a dokar gidan, ana naɗar kowane kira, kuma shi za a hukunta. Haka saƙonnin imel na CorrLinks, ana karanta su, har waɗanda ya aika wa lauyansa. Maganar shari'a sai ta wasiƙar lauya mai alamar musamman, ko kiran da aka shirya ta hannun ma'aikata.

A Disamban 2018 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar First Step, wato matakin farko, wadda ta ƙara wata hanyar tara kwanaki: duk kwana 30 da fursuna ya yi a darussa ko ayyukan da aka amince da su yana samun kwana 10, ko 15 in an auna shi an ga haɗarin komawarsa laifi kaɗan ne. Ana iya cire har shekara ɗaya daga wa'adi da su, ragowar kuma a tura mutum gidan zango, inda ake kwana ana fita aiki, ko ɗaurin talala a gida. Akwai kuma shirin jinyar shaye-shaye na awa 500 da ake kira RDAP, mai iya rage har shekara ɗaya.

Nan ne baƙo ke tsayawa a bakin ƙofa. Wanda aka riga aka yanke hukuncin ƙarshe na korarsa daga ƙasar ba zai ci moriyar kwanakin First Step ba, dokar ce ta faɗa ƙarara. Wanda hukumar shige da fice ta liƙa wa fayil ɗinsa takardar "a riƙe mana shi" ba ya samun ragin RDAP, kuma da wuya a tura shi gidan zango. Sansanin nan marar katanga da ake kai masu laifin kuɗi, shi ma ba a kai wanda ake shirin kora, sai gidan da ke da shinge. Mutum biyu, laifi ɗaya, hukunci ɗaya, amma ɗan ƙasa na iya riga baƙon fita da shekara ko fiye. Wannan bai yi mini kama da adalci ba, amma haka dokar take, kuma gara iyali su san haka da a ci kuɗinsu a kan alkawarin banza.

In hukumar gidajen yari ta yi kuskuren lissafi, kuma tana yi, akwai tsani. Ita ce ke ƙirga kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin hukunci, ba alƙali ba, a wani ofishinta da ke Grand Prairie a jihar Texas. Fursuna ya nemi takardar lissafinsa ya duba da idonsa, musamman wanda aka kamo a wata ƙasa ya zauna jiran a miƙa shi. In da gyara, zai fara da ƙorafin sulhu, sai fom BP-9 ga shugaban gidan cikin kwana 20, sai BP-10 ga ofishin shiyya cikin kwana 20, sai BP-11 ga hedikwata a Washington cikin kwana 30. Sai ya hau duka kafin ya kai ƙara ƙarƙashin sashe na 2241, wanda ake ƙalubalantar yadda ake aiwatar da hukunci da shi, a kotun yankin da yake tsare. Ta wannan tsanin ake fara bin haƙƙin addini ma, sallar Juma'a, abincin sahur da buɗa-baki, abincin halal, kuma wata dokar tarayya ta 1993 kan 'yancin addini tana bayan fursuna in abin ya kai kotu.

Sakin jinƙai ma First Step ta sauya shi. A da sai hukumar gidajen yari ta ga dama ta nema wa mutum, kuma da ƙyar take yi. Yanzu fursuna zai rubuta wa shugaban gidan, in kwana 30 suka wuce ya tafi gaban alƙalinsa da kansa. Dalilan su ne ciwon ajali, tsufa tare da lalacewar lafiya, mutuwa ko nakasar mai riƙon 'ya'yansa ƙanana, kuma tun Nuwamban 2023 an ƙara da iyayen da suka nakasa ba su da mai kula da su sai shi. Gyaran hali shi kaɗai bai isa ba. Alƙali kuma na iya ƙi ko an cika sharaɗi. Bernie Madoff, mai ɗaurin shekara 150 kan zamba, ya nema a 2020 yana fama da ciwon ƙoda, alƙali ya ƙi, ya mutu a tsare a Afrilun 2021.

Wani lokacin kuma sa'a ce ke zuwa daga sama. Hukumar da ke tsara ma'aunin hukunci takan sassauta ma'aunin ta ce ya shafi waɗanda ke ciki. Ta yi wa masu laifin ƙwaya a 2014, ta kuma yi a 2023 da gyara mai lamba 821, wanda ya rage wa waɗanda ba su da tarihin laifi ko kaɗan. Ko a nan akwai togaciya, ciki har da wanda ya jagoranci laifin da wanda ya jefa wani cikin mummunar asarar dukiya, abin da ke fitar da masu zamba da yawa.

Afuwar shugaban ƙasa ita ce kowa ke fara tambaya, ni kuwa ita nake ajiyewa ƙarshe. Tsarin mulki ya ba shi ikon yafe laifin tarayya ko rage wa'adi, ba mai tambayarsa dalili. Obama ya rage wa mutum 1,715. Biden ya mayar da hukuncin kisa na mutum 37 cikin 40 zuwa rai-da-rai a Disamban 2024. Trump ya yi wa kusan mutum 1,500 na harin da aka kai majalisar dokokin Amurka a Janairun 2021 afuwa a ranar da ya dawo mulki a 2025. Neman afuwar kyauta ake yi, fom ake cikewa a aika ofishin lauyan afuwa a ma'aikatar shari'a, kuma babu ranar da aka wajabta wa shugaban ya amsa. Alice Marie Johnson, mai ɗaurin rai-da-rai kan laifin ƙwaya, ta fita a 2018 bayan tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta kai maganarta Fadar White House, don haka ba zan ce sanayya ba ta aiki ba sam. Amma duk wanda ya kira ku daga can ya ce a turo dala dubu kaza yana da hanya a fadar, ku rufe waya. Rage wa'adi ma ba ya hana kora.

Abin da gida zai iya

Da farko a samu lambar rajistarsa, mai lambobi takwas. Da ita ake gano inda yake da ranar fitarsa a shafin intanet na hukumar gidajen yarin tarayya, kyauta, kuma ba a aika kuɗi ko wasiƙa sai da ita. Takardun shari'arsa suna PACER, rumbun intanet na kotunan tarayya, senti 10 kowane shafi, saboda haka ba sai an dogara da "an ce" ba. Kuɗin kanti ana turawa ta Western Union ko MoneyGram, kuma yana da amfani, domin albashin aikin gidan yari senti 12 zuwa 40 ne a awa. Sai dai in akwai tara ko diyya a kansa, ana duba abin da ke shigowa asusunsa wajen yanka masa abin da zai riƙa biya, mafi ƙaranci dala 25 duk wata uku. Tura kuɗi mai yawa a lokaci ɗaya na iya sa a ɗaga masa. Ƙungiyar FAMM mai fafutukar sassauta dokokin hukunci, da aka kafa a 1991, tana wallafa bayanin sauye-sauyen doka cikin sauƙin harshe, wasu jami'o'i kuma na da ɗaliban lauya da ke ɗaukar irin waɗannan ƙararraki kyauta ƙarƙashin malamansu.

Najeriya da Ghana na cikin ƙasashen da wajibi ne jami'an Amurka su sanar da ofishin jakadancinsu in an tsare ɗan ƙasarsu. Najeriya na da ofisoshi a Washington da New York da Atlanta. Jami'in jakadanci na iya ziyara, ya bi kadin lafiyarsa, ya ba da takardar tafiya ranar dawowa. Ba ya iya cire ko kwana ɗaya daga hukunci. Amurka na da shirin mayar da fursuna ƙasarsa ya ƙarasa wa'adi, amma sai da yarjejeniya, kuma wadda Najeriya ta sa wa hannu a 2014 da Birtaniya ce.

Ɗaukaka ƙarar ɗan Hajiya ba ta yi nisa ba, gwamnati ta nuna sakin layin da ya sa wa hannu, kotu ta kore ta. Zambar da asararta ta haura dala 10,000 tana cikin laifukan da kora ke biyo bayansu, ko da mutum na da katin zama na dindindin. Ranar da ya gama, jami'an shige da fice ne za su karɓe shi a bakin ƙofa, ya zauna a hannunsu har takardar tafiya ta fito. In ya sake shiga ƙasar ba izini, sabon laifin tarayya ne da ke iya kaiwa shekara 20. Diyyar da aka ɗora masa kuma tana nan a kansa har shekara 20 bayan fitarsa.

Da na gama yi mata wannan lissafin, Hajiya ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "To, ashe dai gida zai dawo." Na ce in sha Allahu, Hajiya. Ta juya wajen ƙanwarsa ta ce ta rubuta lambar nan takwas a bangon littafin da take ajiye lissafin adashi, ta kuma gaya wa kowa a gidan kada wanda ya sake haɗa layi in ya kira.